Ƙuda ya hana dabbobina sakat tun da damina ta kankama

Maman Nafisa, Bagalam, Maraɗi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kiwo. Ina da jajayen awaki biyar, uku daga cikinsu da 'ya'ya, da raguna biyu balami waɗanda na saya bayan Babbar Sallah da niyyar in turke su har su yi kuɗi. Dukkansu suna ɗaure a kusurwa ɗaya ta gidanmu, ƙarƙashin rumfar kara, tsakanin bangon maƙwabta da madafa. Da rani ba ni da wata damuwa, amma tun da ruwa ya zauna a watan Yuli ƙuda ya sauka mana, yanzu kuwa da muka shiga malka abin ya wuce misali. Idan na zuba jiƙaƙƙiyar dusa a komi, kafin in juya baya ta yi baƙi ƙirin, idan kuma na zo tatsa sai na sa yarinya ta tsaya tana kaɗa mafici a bakin ƙwarya. Ragunan ba sa kwanciya da rana, suna ta buga ƙafa suna girgiza kai, har ɗaya ya fara zubewa alhali ban rage masa ko cikin tafin hannu na abinci ba.

Bara na sayi wani farin gari a hannun mai talla, ba suna a jikin ledar balle bayani, ya ce in barbaɗa a ƙasa. Ƙudan ya mutu na kwana biyu ya dawo, kajina huɗu kuma suka mutu don sun tsattsage gawarwakin. Tun ranar na ɗauki alkawari ba zan sake shigo da irin wannan abu gidan da yara ke wasa a ƙasa suna shan nonon awakin nan ba.

Ina share wurin kowace safiya, ina tara kashin a bayan rumfa har mai amalanke ya zo ya kai mana gona. Duk da haka maƙwabciyata ta fara yi mini habaici cewa ƙudanmu ne ya hana ta shanya kuɓewa. Don Allah, wace dabara ce ta gida za ta rage mana wannan fitina ba tare da guba ba?

Baba Makiyayi, ƙasar Dakoro

Wa alaikumus salam, 'yata. Jikana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Mu da muka tashi bayan shanu abin da muka gada shi ne hayaƙi. Idan rana ta yi sanyi sai a tara busasshen kashin shanu a cinna masa wuta, idan ya kama a danne shi da ɗanyen ganyen bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, ko da ciyawar nobe idan akwai, don ya riƙa turnuƙewa ba tare da ya ci da harshe ba. A ajiye shi ta inda iska ke tasowa, ba a tsakiyar dabbobi ba. Za ki ga da kansu suna matsowa suna tsayawa cikin hayaƙin, domin sun san amfaninsa. Amma tun da rumfarki ta kara ce, ki sa garwashin cikin tsohon kasko ko fasasshiyar tukunya, kuma kada ki kwanta sai kin ga ya mutu. Kada a jefa leda ko tsohuwar taya a ciki, wannan tari yake sa 'yan awaki.

Abu na biyu, mu a daji ba ma barin dabba ta daɗe a makwanci ɗaya da damina. Da wuri ya fara caɓewa sai a cire turaku a matsa gaba, rana ta gasa na baya, balbela da zabi su bi su tsince abin da ke ciki. Na san cikin gari babu fili, amma ko taku huɗu ne kika samu, ki kafa turaku a wuri biyu ki riƙa sauyawa. Kajin da suka rage miki kuma ki bar su su yi tono a wurin, aikinsu ne.

Malam Tsohon Ma'aikacin Kiwo, Tibiri

Hajiya, Allah ya sa albarka a kiwon. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sai dai hayaƙi kora yake yi, ba ya rage yawan ƙuda, kuma ya fi tasiri a kan sauro da ƙananan ƙwarin da ke cizo da almuru. Na yi shekaru ina zagaya garkunan mutane tsakanin Tibiri da Gidan Runji, kuma kusan duk gidan da aka kira ni saboda ƙuda, masu gida sama suke kallo suna nuna mini inda yake tashi, ni kuwa fartanya nake nema in tona ƙasa. Ƙudan da kike gani ba daga nesa ya zo miki ba, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙafafun ragunanki aka haife shi.

Da farko ya kamata ki san cewa daga bayaninki ƙuda iri biyu ne a gidanki, ba ɗaya ba. Wanda ke rufe dusa da bakin ƙwarya shi ne ƙudan gida da kowa ya sani. Ba ya cizo, lasa yake yi, kuma illarsa ita ce yana tashi daga kashi ya sauka a nono, ko ya bi idon dabba mai ciwo ya kai wa lafiyayya. Wanda ke sa raguna buga ƙafa kuwa wani ne dabam, ko da yake a ido kusan kamarsu ɗaya. Idan kika dubi wanda ya sauka a bango yana shan hantsi, za ki ga wani ɗan tsinke baƙi ya miƙe daga bakinsa zuwa gaba. Da shi yake huda fata ya sha jini, namiji da mace duka, da rana tsaka ba da dare ba, kuma ya fi son ƙwauri da ƙasan ciki. Shi ne wanda ke cinye ƙafafun jakai har masu su kan sa musu tsohon wando, shi ne kuma ke ɓare wa karnuka bakin kunne. Ragon da ya wuni a tsaye yana faɗa da shi ba ya cin abinci yadda ya kamata, ba ya kwanciya ya yi tuƙa, don haka ramar da kika gani ba abin mamaki ba ce. Akwai na uku, koren nan mai ƙyalli da ke bin mushe da rauni, zan dawo kansa.

Ga lissafin da nake so ki riƙe. Macen ƙudan gida tana zuba ƙwai wajen 100 zuwa 150 a zama ɗaya, kuma takan maimaita sau da yawa kafin ta mutu. A zafi irin namu ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka. Farar tsutsar da ta fito tana cin ruɓaɓɓen abu kwana 3 zuwa 5, sannan ta rarrafa zuwa gefe inda ƙasa ta ɗan bushe, ta ƙanƙance ta zama wata 'yar kwasfa ja-ja mai kama da ƙwayar shinkafa, daga ciki kuma sabon ƙuda ya fito. Dukkan tafiyar kwana 7 zuwa 10 ce. Mai cizon ya fi jinkiri, yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma abin da ya fi so shi ne ragowar harawa ko kara da ta jiƙe da fitsari ta fara ruɓewa. Ma'anar wannan ita ce, duk tarin da ya yi mako guda yana jiƙe a gidanki ya riga ya yaye ɗiyansa kafin mai amalanke ya iso. Shi ya sa garin da kika saya bara ya yi kwana biyu kawai: an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Kashin akuya shi kaɗai, idan ya zuba a busasshiyar ƙasa, ba ya haifar da ƙuda sosai, domin ƙanana ne kuma da wuri yake bushewa. Shi ya sa da rani ba ki da matsala. Ɓarnar tana farawa ne idan ya haɗu da fitsari, da ruwan dusa da ya zube, da harawar da aka tattake, ruwan sama kuma ya hana su bushewa. Tsintsiya saman take ɗauka, ta bar wannan dunƙulen da ya daskare a ƙasa.

Gobe da safe ki ɗauki fartanya ki gwada wuri uku. Ki ɗaga komin ki tona ƙarƙashinsa zurfin yatsu huɗu. Ki tona gindin bango inda tsintsiya ba ta kaiwa da gindin kowane turke. Sannan ki buɗe tarin da ke bayan rumfa, ba tsakiyarsa ba, gefensa na ƙasa inda yake da laima. Inda kika ga tsutsa tana motsi, nan ne gonar ƙudanki.

Gyaran ba shi da tsada, amma yana son naci. A kankare wannan ruɓaɓɓiyar ƙasa gaba ɗaya har a kai ga tsandauri, a fitar da ita, a zuba rairayi mai tsabta yadda makwancin zai ɗara sauran tsakar gida tudu, a karkata shi kaɗan don fitsari da ruwan sama su gangara waje. Rairayi ba ya wuya a Maraɗi, amalanke ɗaya ko biyu sun isa kusurwa irin taki. A ɗora komi bisa bulo ko duwatsu yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, a daina wanke shi a nan inda dabbobin suke. Jiƙaƙƙiyar dusa a zuba daidai abin da za su cinye nan take, abin da ya rage a kwashe a ba kaji, kada ya wuni. Harawa a rataye ta ko a sa ta cikin wani abu mai tsayi, domin wadda ta faɗi aka taka ba ci za su yi ba. Idan rumfar tana yoyo a toshe, amma kada a rufe gefunanta, gara ma a buɗe ɓangaren gabas don hantsi ya shiga. Babbar doka kuma ita ce, kada jiƙaƙƙen kashi ko ragowar abinci su wuce kwana 4 ko 5 a buɗe cikin gida.

Game da koren ƙuda: shi a rauni yake zuba ƙwai, kuma cikin kwana biyu ƙaramar ƙujewar igiya za ta iya zama rami cike da tsutsa. Tun da kina da masu jego, ki riƙa duba cibiyar 'yan awaki, da wuyan da igiya ke gurza, da ƙarƙashin wutsiyar duk wadda ke zawo. Cibiyar sabon haihuwa a tsoma ta cikin ayodin ranar farko. Mabiyiya da duk abin da ya mutu, ko ɗan tsako ne, a binne da zurfi nan take. Idan tsutsa ta riga ta shiga rauni, a wanke da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, a tsince su ɗaya bayan ɗaya, idan kuwa ramin ya yi zurfi ko yana wari to ya wuce dabarar gida, a nemi likitan dabbobi.

Mai Lambu, Jiratawa

Malam ya gama magana, ni dai inda nake jin tsoro shi ne kada Hajiya ta ji an ce a fitar da kashi ta ɗauka juji za a kai shi. Wannan abin da take tonowa daga ƙarƙashin komi, wanda ya sha fitsari, shi ne takin da mu masu lambu muke biyan kuɗi mu saya, kuma gonakin jigawa na ƙasar nan babu abin da suke roƙo kamarsa. Ana iya ajiye shi a gida ba tare da ya zama gidan ƙuda ba, hanya biyu na sani kuma duka na yi su.

Ta farko, idan aka sami rana mai kyau, a baza shi siriri a fili, kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu, kaji su bi ta kansa, idan ya bushe ƙayau a ɗura a buhu a jingine inda ruwa ba ya taɓawa. Tsutsa ba ta rayuwa a busasshen taki. Amma a malka wannan sai an yi sa'a. Ta biyu ita ce ta fi dacewa da yanzu: a tara shi wuri ɗaya ya yi tudu sosai maimakon a bar shi a baje, a lulluɓe da baƙar leda mai kauri, a danne bakin ledar da ƙasa ko duwatsu ta ko'ina yadda ƙuda ba zai sami ƙofa ba. Taki idan ya taru yana ɗaukar zafi da kansa, cikinsa yakan haura digiri 50, ƙwai da tsutsa ba sa jure wannan. Matsalar tarin da ba a rufe ba ita ce tsakiyarsa na da zafi amma gefensa na da ɗumi mai daɗi, nan tsutsar ke gudu ta zauna. Don haka duk mako a buɗe a juya, na gefe ya koma tsakiya, sabon sharar da aka kawo kuma a tona rami a cikin tarin a binne ta, kada a watsa a sama.

Na san za a ba ta shawarar toka, don kowa ita yake fara ambata. Toka tana da amfani a makwanci bayan an share, tana tsotse laima tana rage wari, kuma madafarta na nan kusa. Amma kada ta riƙa juye ta da yawa cikin ɗanyen taki. Wannan warin mai shiga hanci da ke tashi idan toka ko farar ƙasa ta haɗu da fitsari, ƙarfin takin ne ke tafiya cikin iska.

Sai maganar bedi. Ganyensa yana da ɗan tasiri, amma ƙarfin yana cikin ƙwallon 'ya'yan. Mu yadda muke yi wa kabeji da tumatir: a tsinci 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar, a daka rabin kilo a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, da safe a tace. Wannan ruwan idan aka yayyafa a gindin bango da gefen tarin taki, tsutsar da ta ci ba ta mutuwa nan take, amma ba ta iya rikiɗa ta zama ƙuda yadda ya kamata. Tuƙar da ta rage bayan tacewa ma a barbaɗa ta a wurin. Sai dai rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, ruwan sama kuma yana wanke shi, don haka abin maimaitawa ne. A yayyafa kaɗan, kada garin magani a sake jiƙa wurin da ake wahalar busarwa. Turmin da aka daka shi kuma kada a kuskura a daka hatsi a ciki, na taɓa yi sau ɗaya, furar ranar ko almajiri bai karɓa ba.

Ɗalibin Noma, unguwar Zariya

Inna, bayan gaisuwa, ni zan ƙara da maganar tarko, don rage manyan da suka riga suka fito kafin gyaran Malam ya fara nuna kansa. A sami babbar gorar ruwa ta roba, a yanke kanta daga kafaɗa, a cire murfin, a kifa kan cikin gangar jikin kamar mazurari. A zuba abin jan hankali a ƙasa, zurfin yatsu uku: ruwan tsari da ya kwana biyu da ɗan sukari, ko ruwa da kan kifi, duk abin da ke tsami yana wari. Ƙuda zai bi ƙofar ya shiga, idan ya ƙoshi sai ya tashi sama wajen haske ya kasa gane hanya. Dama Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne rataye gorar a cikin rumfa ko kusa da madafa, wanda gayyata ce. A kai ta can ƙarshen gida, nesa da dabbobi da inda ake cin abinci, kuma duk mako a juye a binne, don in an bar ta ita ma tsutsa za ta yi.

Amma wannan tarko ba ya kama mai cizo, domin shi jini yake nema, tsami bai dame shi ba. Abin da ke jan sa launi ne, musamman shuɗi mai haske haɗe da baƙi. A kan wannan aka ƙera tarkon Vavoua a Kwaddibuwa wajajen 1990 domin ƙudan tsando, aka kuma gano yana kama wannan mai cizon sosai, haka ma tarkon Nzi da aka fito da shi a Kenya, wanda sunansa ma ƙuda yake nufi da Swahili. Dukkansu yadi ne shuɗi da baƙi da gidan sauro a sama, tela zai iya ɗinkawa idan ya ga samfuri. Mai sauƙin yi a gida shi ne a sami tsohon bokiti ko jarka shuɗiya, a shafa mata danƙo a jiki, a ɗora a kan turke daidai tsayin gwiwa a inda rana ke bugawa. A kewaye ta da 'yar ƙaya ko waya saboda 'yan tsaki da 'yan awaki.

Wani abin dariya amma gaskiya: a 2019 masu bincike a Japan sun zana wa baƙaƙen shanu fararen layuka irin na jakin dawa, suka ga ƙudan cizo da ke sauka musu ya ragu da kusan rabi. Ban ce Inna ta yi wa balaminta zane ba, tun da dama farare ne, kuma mai saye zai yi tambaya.

Malam Tsohon Ma'aikacin Kiwo, Tibiri

Abin da Mai Lambu ya faɗa game da toka daidai ne, na karɓa. Na dawo ne saboda abin shafawa a jiki, don na san za a kawo wa Hajiya shawarwari daga maƙwabta. Baƙin man inji da ake shafa wa dabbobi a rauni ko a ƙafa, kada ta yarda da shi, yana ƙona fata kuma dabbar tana lasa. Haka ruwan taba da ƙaron tumfafiya: daga tsiro suka fito, amma guba ne, na tumfafiya kuwa idan ya shiga ido yana iya lalata shi. Idan tana son abin shafawa, ta sami man bedi ta zuba cokali biyu cikin lita ɗaya ta ruwa da ɗan sabulu don su haɗu, ta shafa wa ragunan a ƙwauri da ƙasan ciki da safe, ta kauce wa ido da hantsar masu shayarwa. Ta fara gwadawa a ƙafa ɗaya ta ga ko fatar za ta yi ja. Kariyarsa ba ta wuce wuni guda, wani lokaci ma ba ta kaiwa.

Akwai kuma masu yi wa dabba allurar ibarmektin ba don tsutsar ciki ko ƙazuwa ba, sai don wai kashinta ya daina yin ƙuda. Maganin yana fita cikin kashi, gaskiya ne, amma yana kashe har buzuzu, wanda shi ne ke binne mana kashin a gona kyauta, kuma yana fita cikin nonon da yaranta ke sha.

Maman Nafisa, Bagalam, Maraɗi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in ga abin da zai faru, yau kwana goma sha biyu ke nan. Malam, washegarin da na karanta bayaninka na ɗaga komin, kuma wallahi sai da na ja da baya. Ƙasar wurin baƙa ce tana tururi, fartanya ɗaya na sara sai ga tsutsa fari fat tana nutsewa tana ɓuya, a gindin bango kuma na tarar da jajayen kwasfar nan jere kamar an zubar da shinkafa. Shekara uku komin nan yana wuri ɗaya, kullum a nan nake ɗauraye shi in tuntsurar da ruwan, ina kuma ganin kaina mai tsabta saboda ina shara. Kajina kuwa ranar sun yi Sallah.

Ni da yarana biyu muka kankare wurin, muka fitar da abin da ya cika baro shida, mai amalanke ya kawo mana rairayi daga bakin gulbi. Komin yana kan bulo huɗu yanzu, harawa tana cikin tsohon buhu da na huda na rataye. Tarin bayan rumfa na rufe shi da leda yadda Mai Lambu ya ce, da na buɗe bayan mako na tura hannu ciki sai da na janye don zafi. 'Ya'yan bedi ban samu da yawa ba, abin da yara suka tsinto bai kai rabin kilo ba, don haka gindin bango kawai na yayyafa wa. Hayaƙin Baba muna yi da magariba cikin fasasshiyar tukunya, kuma mu kanmu mun sami sauƙin sauro.

Kwanaki biyar na farko ban ga bambanci ba har na fara ƙorafi a raina. Daga kwana na takwas ne na lura na yi tatsa ba tare da mai mafici ba. Ƙudan gida bai ƙare ba, amma ya ragu yadda ana iya ajiye ƙwarya a juya baya. Mai cizon yana nan, ko da yake ragunan sun fara kwanciya da azahar, kuma tun da Malam ya ce nasa lissafin ya kai mako uku, zan ci gaba da shafa musu man bedi in jira. Gorar farko da na rataye ta cika har rabi cikin kwana huɗu. Maƙwabciyar tawa ta leƙo ta katanga ta ga abin, ta tambayi yadda ake yi, da na shiga nuna mata sai muka tarar rariyarta ta toshe, ruwan wanke-wanke ya kwanta a gindin bangon da ya raba mu, shi ma da nasa tsutsotsin. Ban ce mata komai ba, na ara mata fartanya.

Abin da ya rage mini shi ne rumfar, wadda ke yoyo ta kusurwar arewa daidai kan turken babban ragon. Maigida ya ce sai an yanke hatsi an sami sabon kara za a sake ta, don haka na ɗaura tsohuwar tabarmar roba a wurin, ragon kuma na mayar da shi ɗaya turken har ƙasar ta bushe.